Hancin Mai Turare

Shekara ashirin da uku hancina ke ciyar da ni.
A rumfata ta kasuwar Tawa, ni Tambara,
ko ido rufe ina raba hawi da kajiji,
na san humrar da ta kwana arba'in
da wadda aka yi wa gaggawa.

Sai dogon yaron ƙofar gida ya yi fure,
fari, ƙanana, kamar tsakin gero.
Atishawa bakwai kafin in ɗaura zane,
ido na ƙaiƙayi, ruwa na bin leɓe.
Mura ta zo ta tarar, suka haɗa baki,
suka yaɓe ƙofofin nan biyu da laka.
Goshi ya yi nauyi kamar na ɗauko turmi,
in na kai sujada, kumatu su ce wayyo.
Da dare baki buɗe nake kwana
kamar kifin Tabalak a kan faranti.

Ranar Lahadi abin kunya ya same ni.
Wata ta zo daga Ƙwanni, ta miƙo kwalba:
"Inna, shinshina mini, na gaske ne?"
Na ja, na sake ja.
Kamar na shinshina dutse.
Na ce, "Yana da kyau."
Ƙaryata ta farko ke nan a wannan rumfa.
A gida na yanka albasar Galmi don gwaji,
ido ya amsa, hanci ya yi gum.

Illa, ɗan ƙanena mai aikin asibiti,
ya jingine babur, ya saurari muryata, ya ce:
"Gwaggo, ɗora ruwa ya tafasa sosai.
Ban da na randa kai tsaye, ban da na rijiya.
Ki bar shi ya huce
har ya yi ɗumin nonon da aka tatsa yanzu.
Rabin lita, ƙaramin cokali na gishiri mai laushi."
Ya fito da sirinji marar allura.

Na ce, "Yaro, ni za ka koya wa shaƙar ruwa?
Sau biyar a yini nake yi
tun ubanka bai san dama da hagu ba."
Ya ce, "Wancan a zaure yake tsayawa, Gwaggo,
wannan har ƙuryar ɗaki yake shara."

Na sunkuya kan kwano, na karkata kai,
baki buɗe, numfashi ta nan.
Na farko gishiri na sha, na ƙware, na zage shi.
Na biyu, ikon Allah,
ruwa ya shiga ta dama, ya zagaya bayan gida,
ya ɓullo ta hagu yana kora baƙi.
Abin da ya fito ba zan sa shi a waƙa ba.

"Fyace a hankali, kada kunne ya biya bashin.
Safe da maraice. Ki wanke abin, ki shanya.
In zazzaɓi ya zo, ko ciwon ya ƙi tafiya,
ki same ni wurin aiki, ban da taurin kai."

Kwana uku, da hantsi, ina tankaɗe,
wani abu ya ƙwanƙwasa, ya shigo.
Na so a ce sandal ne ya fara gaishe ni.
Ina! Ƙauri ne:
shinkafar Zali ta kama a bayan katanga.
Na miƙe ina guɗa, "Zali, tukunyarki!"
Ta ce ba ta taɓa ganin mai murnar asarar wani kamata ba.

Itacen yana nan, ban sa an sare ba,
inuwarsa ta fi laifinsa yawa.
Cikin kwalaben rumfa yanzu akwai ta gishiri,
ita kaɗai ce ba ta ƙamshin komai.

Kowace Lahadi ina duban hanyar tasha.
Ke matar Ƙwanni, in kin ji wannan,
dawo da kwalbarki.
Akwai gaskiyar da kike bi na.